CI DA AWO: YADDA ƊAN BIRNI ZAI RAGE ƘIBA BA TARE DA YA JIGATA BA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na 'yan asalin Gaya da Ajingi mazauna birane



Da aka aiko mana da takardar gayyata, an bar mu mu zaɓi abin da za mu yi magana a kai. Da yawa sun ɗauka batun makarantu za mu ɗauko, tun da a cikin ƙurar alli muka tsufa. Sai dai a 'yan shekarun nan mun halarci jana'izar waɗanda muka koya wa baƙi da wasali fiye da yadda zuciya za ta so. Mun je dubiya Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mun iske wanda muka sani yana tseren gudu a filin makaranta yau sai an juya shi a kan gado. Wannan hawan jini, wancan ciwon suga, wani kuma ɓarin jikinsa ya shanye. Ajali dai na Allah ne, amma kiwon lafiya amana ce da aka ba mu. Saboda haka muka ga ya dace mu yi maganar ciki da abin da muke zuba masa. Mu ba likitoci ba ne. Malaman makaranta ne da suka yi karatu a kan al'amarin bayan ya taɓa su, kuma abin da za mu kawo yau yawancinsa lissafi ne, wanda shi ne sana'armu.

CIN MANOMI, AIKIN AKAWU

Mu tuna yadda muka tashi. Yaro a Kademi ko Shagogo, ko a Toranke da Gurduba, kafin ya tafi makaranta ya ɗebo ruwa, ya kai wa tumaki harawa, sannan ya taka da ƙafa ya je ya dawo. Da damina mahaifinsa yana gona tun hantsi bai dubi ludayi ba, daga sassabe zuwa huɗa, daga noman firi zuwa maimai. Mahaifiyarsa tana sussuka, tana surfe, tana daka, tana jan guga. Mutumin da ya yi wannan aiki in aka ajiye masa malmala uku ta tuwon dawa da ƙwaryar fura, ya tashi da su, babu abin da zai kwana a jikinsa.

To, mun shigo birni, Kano ko Kaduna, Abuja ko Legas, mun zo da cikinmu na gida, mun baro fartanya a can. Daga ƙofar gida sai mota ko adaidaita-sahu, daga nan sai kujerar ofis ko bencin shago har la'asar. Malmalar tana nan yadda take, an kuma ƙara mata shayi mai kauri da burodi, da taliya, da soye-soye, da lemon kwalba. Da tumbi ya fito sai a ce Alhaji ya samu kwanciyar hankali, Hajiya kuma hutu ya karɓe ta. Haka muka mayar da alamar ciwo abin yabo.

Wannan matsala ta game duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima. Abin da ya rage mana shi ne sanin yadda za a sauke ta cikin hankali.

MECE CE KALORI?

Tarihin baka da aka rubuta ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya suka fara zuwa Dutsen Dala neman tama, su ne ake kira Abagayawa. Jikokin maƙera ba za su sha wuyar gane wannan bayani ba. Maƙeri ya san gawayin da zai ishi aikin yini. In ya yi kaɗan wuta ta mutu ƙarfe bai yi ja ba, in ya yi yawa ya tara saura a gefe. Abinci shi ne gawayin jiki, kalori kuwa shi ne mudun da ake auna zafin da ke cikinsa. Kalori ɗaya, irin wanda ake rubutawa a jikin gwangwani da kwali, shi ne zafin da zai ɗaga ɗumin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya. Abin da jiki bai ƙona ba sai ya adana shi ya zama kitse.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masani a Amurka, Wilbur Atwater, ya fitar da awon da ake amfani da shi har yau. Giram ɗaya na sitaci ko suga, irin sinadarin da ke cikin gero da shinkafa, yana ɗauke da kalori 4. Giram ɗaya na abinci mai gina jiki, wato sinadarin da ke cikin wake da nama da kifi, shi ma 4. Giram ɗaya na mai kuwa 9 ne. A riƙe wannan, domin a nan ɓarawon yake ɓuya. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Ƙaramin cokalin suga 16 ne. Kwalbar lemo ta rabin lita tana iya kai 200. Wanda ya kwarara mai cokali huɗu a kan garau-garau ya kora da lemo, ya zuba wa jikinsa kusan kalori 700 kafin a ƙidaya shinkafar da waken.

A KOMA GABAN ALLO

Matakin farko shi ne mutum ya san ko yana bukatar ragewa. A raba nauyi na kilo da tsawo na mita sau biyu. In amsar ta kai 25 nauyi ya fara wuce kima, in ta kai 30 ƙiba ce sosai. Wanda wannan ya yi masa nisa ya samu zare ya auna tsawonsa, ya ninka zaren biyu, ya zagaya shi a cikinsa daidai saitin cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, wato faɗin cikin ya wuce rabin tsawo, lokacin gyara ya yi.

Mataki na biyu shi ne sanin abin da jiki ke ƙonawa ko da mutum yana kwance, domin zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa ba sa hutu. Akwai ƙa'idar lissafi da wasu masana, Mifflin da St Jeor da abokan aikinsu, suka wallafa a 1990, wadda masana abinci suke yawan aiki da ita. Ga ta: a ninka nauyi na kilo sau 10, a ninka tsawo na santimita sau 6.25, a haɗa su, a cire shekaru sau 5. Namiji ya ƙara 5 a kan amsar, mace ta cire 161.

Mu ɗauki misali. Magidanci mai shekara 50, nauyinsa kilo 90, tsawonsa santimita 170. Nauyi ya ba mu 900, tsawo ya ba mu 1,062, jimilla 1,962. A cire 250 na shekaru, a ƙara 5, ya zama kimanin 1,720. Wannan shi ne kuɗin hayar jikinsa, ko ya motsa ko bai motsa ba.

Mataki na uku, a ninka wannan da gwargwadon motsi. Wanda yake yini a zaune ya ninka da 1.2. Mai ɗan zirga-zirga, wanda yake takawa masallaci da kasuwa, ya ninka da kimanin 1.4. Mai aikin ƙarfi kamar manomi da damina ya ninka da 1.7 ko fiye. Magidancin namu in ma'aikacin ofis ne mai ɗan takawa, bukatarsa ta yini kusan kalori 2,400 ce. Da a ce a gonarsa ta Kunkurawa yake yini, da bukatar ta kai 2,900. Ku dubi tazarar: kalori 500 kowace rana. Wanda ya ci abincin manomi alhali aikin akawu yake yi, wannan 500 ita ce take taruwa a ƙarƙashin babbar riga shekara da shekaru.

Mataki na huɗu, a rage. Abin da masana suka fi ba da shawara shi ne a cire kimanin kalori 500 daga bukatar yini. Magidancin namu sai ya tsaya a 1,900. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, don haka wannan ragi zai sauke kusan rabin kilo a mako a watannin farko.

Ga misalin uwargida: shekara 45, kilo 82, tsawo santimita 160. Wato 820 da 1,000, a cire 225, a cire 161, ya rage 1,434. In aka ninka da 1.4 ya ba da kusan 2,000. Ita sai ta tsaya tsakanin 1,500 da 1,600.

Akwai iyakar da ba a ƙetarewa sai da kulawar likita. Mace kada ta sauka ƙasa da kalori 1,200 a yini, namiji kada ya sauka ƙasa da 1,500. Sannan a sani wannan lissafi kintace ne, kamar yadda manomi yake duban gona ya ce za ta yi dami kaza. Sikeli shi ne alƙali. A hau shi sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo. In bayan wata guda babu canji, a ɗan ƙara ragi ko a ƙara tafiya. In ana sauka fiye da kilo ɗaya a mako akai-akai, a ƙara abinci. Makon farko kada ya ruɗe ku, yawancin abin da ke zuba a lokacin ruwa ne. Duk sanda aka sauke kilo biyar a sake lissafi, domin ƙaramin jiki bukatarsa ƙarama ce, shi ya sa saukar take yin nawa daga baya.

DA RUWAN CIKI AKE JAN NA RIJIYA

A nan mafi yawanmu suke faɗuwa jarrabawa, kuma mu ma mun faɗi. Bayan mun ajiye aiki, likita ya ce mana jini ya hau, a rage nauyi. Da yake mun saba ba da umarni a bi nan take, sai muka yanke wa ciki hukunci: shayi ba suga da safe, ɗan kwaɗon zogale da dare, shi ke nan. Kwana tara muka yi. Ran na goma muna miƙewa daga sujada a sallar la'asar sai masallaci ya juya mana, da ba don maƙwabcin sahu ya tare mu ba da sai ƙasa. Jikoki suka riƙa gudunmu saboda faɗa. Kafin wata biyu abin da ya zube ya dawo har da riba.

Daga baya muka karanta cewa an taɓa gwada wannan a kimiyyance. A Jami'ar Minnesota ta Amurka, tsakanin 1944 da 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu waɗanda suka amince da gwajin. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabin abin da suka saba ci, har tsawon mako 24, suna kuma ci gaba da aiki da tafiya. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma sai sanyi ya riƙa kama su, ƙarfi ya tafi, baƙin ciki da saurin fushi suka shige su, ba su da zance sai na abinci. Da aka sake musu mara, da yawa suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Jiki in ya ga yunwa mai tsanani yakan rage wutarsa, ya cinye tsoka tare da kitse, ya kuma tsananta kiran ci. Saurin ramewa yana iya haifar da tsakuwa a matsarmama.

Saboda haka ga alamomin da ke nuna an matsa da yawa: jiri in an miƙe, ciwon kai da ba ya tafiya, karkarwa da gumi mai sanyi, rashin barci, bushewar ciki, zubar gashi, kasala da ke hana aiki, da rikicewar al'ada ga mata. Wanda ya ga waɗannan ya ƙara kalori 200 ko 300, in ba su tafi ba ya ga likita.

Kuma ba sai an koma kamar sillen kara ba. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi mutanen da ciwon suga yake gab da kamawa. Waɗanda aka ɗora a kan burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo shida da ɗoriya ba, aikin wata uku zuwa huɗu. Sannu ba ta hana zuwa.

YADDA ZA A RABA ABINCIN YINI

Babu bukatar sayen abincin Turawa. Abin da muka gada ya wadatar, awo kawai ya rasa. Ga yadda mai kalori 1,900 zai iya raba yininsa, bisa kintace.

Da safe, kofi ɗaya na koko ko kunun tsamiya da ƙaramin cokali ɗaya na suga, da ƙosai uku ko huɗu, ko dafaffen ƙwai biyu. Wannan wajen 450 ne. Da rana, shinkafa da wake, waken ya fi yawa, mai babban cokali ɗaya a auna shi da cokali, a cika rabin faranti da latas, kabeji, tumatir ko zogale. Wajen 650. Da dare, malmala ɗaya ta tuwon dawa ko masara kamar girman dunƙulen hannu, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe a wadace ba tare da mai yana iyo a kai ba, da yankan kifi ko nama. Wajen 600. Saura 200 na tsakani: gwaiba, lemon zaƙi, kankana, ko gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya. A kula da gyaɗa, giram 100 nata ya haura kalori 550, ga ta da saurin shiga in ana hira.

Abubuwa huɗu ne ke hana mutum jigata. Na farko, kowane ci ya kasance da abin gina jiki: wake, ƙwai, kifi, nama, nono, awara. Su ne ke riƙe ciki, su kare tsoka. Na biyu, ganye da yawa, domin yana cika ciki da kalori kaɗan. Rama, zogale, alayyahu da yakuwa duk namu ne. Na uku, ruwa, musamman a bazarar ƙasar Kano da zafi ke haura digiri 40, domin sau da yawa jirin da ake ɗora wa yunwa na ƙishirwa ne. Na huɗu, barci isasshe, domin wanda bai yi barci ba ya fi jin kwaɗayi.

Wurin da ya fi sauƙin yanka shi ne abin sha da mai. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wato kimanin ƙananan cokula 12 ga babba, in ya koma shida ya fi. Kwalbar lemo ɗaya tana iya cinye wannan kaso duka. Fura da nono abinci ne cikakke, wanda ya dama ya sha da rana ya ci abincin rana ke nan, kada ya ɗauke ta ruwan kora tuwo. Wanda ya bar lemo ɗaya, ya rage mai cokali biyu, ya rage sugan shayi cokali huɗu, ya samu 500 ɗinsa bai taɓa malmalarsa ba.

A haɗa da tafiya. Minti 30 na tafiya mai ɗan sauri, kwana biyar a mako, ya cika minti 150 da ake nema. Bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya ya fi dacewa. Iyayenmu mata da ba su cika fita ba za su iya zagaya tsakar gida, ko su haɗu biyu uku su taka tare.

Watan azumi ma yana da nasa. Da yawa sukan fito daga Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi, saboda abin da ake jerawa a tabarma daga magariba zuwa sahur: ƙosai, soyayyen dankali da doya, kunu mai suga, zoɓo mai suga. Lissafin yini bai canza ba don an matsar da shi dare. Koyarwar Manzon Allah (SAW) ta raba ciki uku, kashi na abinci, kashi na ruwa, kashi na numfashi, ta riga duk wannan lissafi namu da ƙarnuka.

WAƊANDA ZA SU FARA DA LIKITA

Wannan lissafi bai shafi mai juna biyu da mai shayarwa ba, haka yara da matasan da ba su gama girma ba. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin kada ya rage abinci da kansa, domin sugansa na iya faɗuwa ya suma. Mai ciwon ƙoda ko zuciya ko gyambon ciki, da mai shan maganin hawan jini, su nemi shawara tukuna, wataƙila maganin ma sai an daidaita shi in nauyi ya sauka. Tsohon da ya riga ya fara ramewa ƙari yake bukata. Wanda kuwa yake zubewa ba tare da ya nema ba, ya hanzarta zuwa asibiti, domin tarin fuka da ciwon suga da wasu cututtuka da haka suke sallama.

Muna kuma gargaɗi game da shayi da ƙwayoyin rage tumbi da ake tallatawa a kasuwanni da wayoyin hannu. Da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa, ruwan jiki ya zube, sikeli ya yi ƙarya, kitse yana nan, ƙoda kuma ta sha wuya.

KIRA GA ƘUNGIYA

Muna roƙon shugabanni abubuwa uku. A sayi sikeli da tef ɗin awo da na'urar gwajin jini, a riƙa ajiye su a bakin ƙofa duk ranar taro, 'ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya su taimaka da awo da lissafi. A sauya abin da ake rabawa a tarukanmu, ruwa da 'ya'yan itace su maye gurbin katan-katan na lemo. Na uku kuma, kowa ya lissafa abin da yake kashewa a wata kan lemo da soye-soyen da zai bari, ya zuba shi a asusun ƙungiya. Mun san a ƙauyukanmu na Gaya da Ajingi akwai yaran da ke shiga aji da safe ba su karya ba, mun koyar da irinsu, mun ga yadda kai ke langaɓewa a kan benci kafin tara ta yi. Abin da ya yi mana yawa a birni shi ne ya yi musu kaɗan a gida.

A matsayinmu na tsofaffin malamai ba za mu sauka ba sai mun ba da aikin gida. Kowa in ya koma ya auna nauyinsa da tsawonsa, ya yi lissafin nan a takarda, ya rubuta adadinsa ya liƙa inda uwargida ko mai girki za ta gani, a yi shawara tare, domin ludayi a hannunta yake. Baɗi in Allah ya kai mu za mu karɓi takardu mu duba.

Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci ƙasar Gaya da Ajingi da zuriyarsu duk inda suke, ya mayar da kowa gidansa lafiya.